Shafin Maƙwabtan Likita

Da hantsi abin ya faru, a cikin shagon mahaifinta. Auta tana zaune a kan bencin masu jira da waya a hannu, Baba kuma ya kifa kan wani keken ɗinki a tebur yana ɗiga masa mai. Ko ɗagowa bai yi ba ya jefo tambayar da yake yi mata kullum.

"Mun fito?"

Ta rubuta kalmomin a injin bincike kamar yadda ta saba: asibitin keken ɗinki. Sunan shagon ke nan, kuma sunan ɗan shafin intanet ɗin da ta buɗe masa bayan ta gama jami'a. An yi watanni duk wanda ya rubuta waɗannan kalmomi su yake fara gani a sama. Yau sai ta ga wani kantin sayar da kekuna, da wani bidiyo, da wani asibitin mutane na gaske. Ta ja allon ƙasa. Ta shiga shafi na gaba, ta shiga na gabansa. Ta goge ta sake rubutawa a hankali, ko yatsanta ne ya zame. Shafinsu dai bai fito ba.

"Auta, da ke nake."

"Netwok ne, Baba. Bari ya dawo."

Netwok kuwa lafiyarsa ƙalau.

Likita ake ce da Baba a layin, babba da yaro. Ba shi ya raɗa wa kansa ba. Tun yana saurayi yake gyaran keken ɗinki, irin baƙaƙen nan masu feda, kafin masu aiki da wuta su cika gari, kuma in aka kawo masa keke ba ya tambayar abin da ya lalace, sai ya ce, "Ina ke masa ciwo?" Teloli suka ɗauki abin wasa, wasa ya zama suna. Shagon ɗaki ne guda mai ƙofar ƙarfe. Kawunan kekuna suna jere a kan katako har kusa da rufi, kowanne da ƙyallen da aka ɗaura masa don a gane mai shi. Ga gwangwanayen madara cike da notina da kwarkwaro da karyayyun allurai, ga bel a rataye jikin ƙusa, ga warin mai da ya kama komai, har hular Baba da Umma ta gaji da wankewa.

Hali ɗaya kowa ya san shi da shi: ba a yi masa sallama ya ƙi amsawa, kuma ba a zuwa wurinsa a koma hannu rabbana. In abin da kake nema ba shi da shi, zai aje sukudireba ya fito bakin ƙofa ya nuna maka da hannu. "Ka ga shagon can mai koren labule? Ka ce Likita ne ya turo ka." Wani lokaci ma ya raka ka har can. Umma takan ce da rakiya sana'a ce da tuni sun gina bene. Shi kuwa ya ce zumunci a ƙafa yake, wanda ka tura wa mutum yau shi zai turo maka gobe.

'Ya'yansa biyu ne, Yaya da Auta, da tazara mai yawa a tsakani. Yaya ne ya ƙirƙiro sunan shagon, shi ya zana allon saman ƙofa da jan fenti da fari. Auta tana firamare ya tafi. Abin da take iya tunawa kaɗan ne: muryoyi sun tashi a gida, Yaya yana cewa ba zai ƙare rayuwarsa yana shaƙar man keke ba, jaka a kafaɗarsa, Umma tana riƙe da bakin rigarsa. Ya ƙetara wata ƙasa mai nisa neman aiki. Bai taɓa ba da lambarsa ba. Amma jefi-jefi wayar shago takan yi ƙara da ɓoyayyar lamba, a ji ya ce, "Baba, ina wuni. Umma lafiya?" Ya ji amsa ya kashe. Da wannan 'yar gaisuwar gidan yake rayuwa, a yi ta juya ta a baki har wata ta zo.

Sai aka zo faɗaɗa titi, aka rushe tsohon layin shagunan. Cikin hayaniyar kwashe kaya wayar ta ɓace, layin kuma ya ƙi dawowa, don da sunan wani abokin Baba da ya rasu aka yi masa rajista. A shekarar kuma aka sayar da gidan da suke haya, suka koma wata unguwa. Duk ƙofar da Yaya ya sani ta rufe. Allon nan dai Baba bai yarda ya bi ɓaraguzai ba, a ka ya ɗauko shi ya kafa a sabon shago.

Auta ta gama jami'a ta dawo gida da takardar shaidar da ba wanda ya nemi gani. Ta yi ta aika neman aiki har ta daina faɗa wa Umma in ta aika. Ta binciki sunan Yaya a duk inda ake binciken suna, ta ga masu irinsa bila adadin, babu fuskarsa. Ran nan tana shigowa shago ta ɗaga kai ta kalli allon, sai tunani ya zo mata: in su ba su san inda za su neme shi ba, ai shi ya san abin da zai rubuta in yana nemansu.

Tela, maƙwabcinsu na jikin bango tun a tsohon layi har sabon wuri, mutum ne mai tumbi da baki. Shi ya sa mata suna Digiri.

"Digiri, me ake dannawa ne tun safe? Ko miji ake nema a ciki?"

"Shago nake gina wa Baba, Kawu Tela."

"A waya? To ki ware mini ɗaki ɗaya, amma mai fanka."

Shafin ya tsaya da ƙafarsa. Akwai hoton Baba a ƙarƙashin allo, da sabuwar lamba, da kwatancen sabon wuri, da 'yan bayanai kan yadda ake kula da keke. Sai dai in ka bincika ba ka ganinsa, yana can baya inda ba mai zuwa. Auta ta karanta ta karanta, ta zo ta yi wa Baba bayani. Ta ce injin bincike yana duba su waye suka ambace ka. In wani shafi ya sa linkinka, wato 'yar ƙofar da ake dannawa a faɗo wurinka, injin yana ɗauka shaida aka ba ka. Wasu ma musaya suke yi, ka sa ni in sa ka.

Baba ya aje abin da ke hannunsa, fuskarsa ta washe.

"Wato, ka ce Likita ne ya turo ka."

"Kusan haka ne."

"Ashe injin ɗan gidan mutunci ne."

Suka fara da na kusa. 'Yar Tela tana tallan ɗinkunan ubanta a wani ɗan shafi, aka yi musaya da ita. Aka yi da Mai Zare na bakin kwana, da makarantar koyon ɗinki da Baba ke yi wa gyara. Auta ta ware musu wuri na musamman, Baba ya ce a rubuta "Maƙwabtanmu" a samansa. Sannu a hankali shafin ya yi ta hawa har ya kai sama. Ko linkin ne suka ɗaga shi, ko dai lokacinsa ne ya yi, ita kanta ba ta da tabbas. Baba kam bai da shakka.

A can ɓangaren mai shafi, inda ake ganin daga ina baƙi suke zuwa, Auta ta lura da wani abu. Yawancin masu shiga 'yan gari ne, su duba lamba su fita. Amma akwai wani daga ƙasar nan da Yaya ya tafi. Ba ya rubuta adireshin shafin, ta injin bincike yake biyowa duk zuwan da zai yi, da sunan shagon. Sai ya buɗe hoton, ya daɗe a kai, ya fita. A kwana biyu ya sake dawowa.

Ta jima tana riƙe da maganar, don ta san abin da za ta tayar. Ranar da ta faɗa, Umma ta zauna a bakin gado. Baba ya ce, "Shi ne."

"Baba, ba a ganin suna fa. Zai iya zama kowa. Wataƙila wani tela ne a can."

"Tela me zai kalla a fuskata? Ni na san ɗana. Tun yana ƙarami in an yi faɗa ba ya shigowa kai tsaye, sai ya laɓe bayan ƙyaure yana leƙe, ya ga ko fuska ta sauka. Ku ƙyale shi ya gama leƙensa."

Washegari ya je aka yi masa aski, ya sa rigarsa mai kyau, ya ce a sake hoton, a wancan ya ɗaure fuska da yawa. Daga ranar ne ya fara tambayar ko sun fito kafin ya taɓa aiki.

Ana nan sai Auta ta sami aikin wucin gadi a wani gari, shigar da bayanai a kwamfuta na 'yan makonni. Kafin ta tafi Baba ya ce ta koya masa sa linki, don mai sayar da kayan gyara ya ce shi ma a sa shi, bai kamata a bar mutum yana jira ba. Ta nuna masa inda zai kwafo da inda zai liƙa da inda zai danna. Ya sa tabarau ya yi ta gwadawa har hannunsa ya faɗa. Ta tafi tana murna tsoho ya waye.

Wannan ne ya faɗo mata a rai da hantsin nan, ba ta daɗe da dawowa ba. Ta buɗe "Maƙwabtanmu". Sanda ta bar shi bai cika allon waya ba. Yanzu ta yi ta ja, ta yi ta ja, ya ƙi ƙarewa. Gidajen caca ne, da masu maganin rage ƙiba, da masu ba da rance nan take, da wasu cikin harsunan da ko haruffansu ba ta sani ba. Ta shiga ɓangaren mai shafi. Sanarwa tana nan tana jiranta: an ga musayar linki da ta wuce kima da shafukan da ba su da alaƙa da nasu, an ɗauke ta yunƙurin yaudarar injin, an sauke shafin. Ta duba baƙon. Tun ranar da aka sauke su bai sake shigowa ba.

"Baba, su waye waɗannan?"

Ya goge hannu da tsumma ya karɓi wayar, ya nesanta ta da idonsa. "A'a, maƙwabta ne mana. Su suka rubuto."

Ya buɗe mata saƙonnin. Kusan duk magana ɗaya ce, cikin Turanci, wanda Baba ya tsinci nasa a littattafan kekuna: aminina, na ga shafinka mai kyau, ka sa ni in sa ka. Abin da ya cika mata ido da hawaye shi ne kowanne sai da ya amsa, da yatsansa ɗaya. Ya yi godiya, ya tambayi iyali, wani har ya yi masa addu'ar Allah ya kawo kasuwa.

"Baba, ba mutane ba ne. Na'ura ce take aika wa dubban shafuka."

"Na'ura ce ta ce mini aminina?"

"Haka aka tsara ta."

"To ni ina zan sani? Mutum ya yi maka sallama sai ka ce ya kawo shaidar shi mutum ne kafin ka amsa? Kuma ai na ga da aka sa su Tela mun hau. Na ce bari in tara su da yawa kafin ki dawo, kada yaron nan ya zo wata rana ya tarar wani ya sha gabanmu."

Tela ya leƙo, tef ɗin awo a wuya. "Lafiya na ji asibiti shiru? Ko majinyaci ya cika ne?" Ya karɓi wayar yana ja. "Likita! Caca? Da furfurarka? Wannan na rage ƙibar kuwa don ni ka sa shi, na gane. Za mu haɗu."

Ba wanda ya yi dariya. Auta ta faɗa masa abin da ya faru, har da zancen baƙon. Tela ya zare tef ɗin daga wuyansa ya naɗe a hannu, ya warware. "Garin neman gira," ya fara, sai ya kalli Baba ya haɗiye sauran.

Baba ya zauna a kan kujerarsa. "Yanzu in ya rubuta, me zai gani?"

"Wasu zai gani."

"Zai ɗauka ni na cire. Zai ce na gane shi ne, na rufe ƙofa."

 Abin da Auta ta sani kawai akwai hanyar roƙo, kuma sai an share gida kafin a roƙa. Ta fara goge linkin ɗaya bayan ɗaya. Baba ya ce bai kamata a cire mutum bai sani ba, ya ba su kalmarsa. Ta buɗe baki za ta sake cewa ba mutane ba ne, ta ga ba ta da ƙarfin. Ya faɗi saƙo guda ta aika musu duka: a yi haƙuri, ba don ƙiyayya ba ne, uzuri ne ya taso.

Sauran aikin ya fi wuya. Waɗancan shafukan ma sun sa linkin Baba a wurinsu, kuma ba za su cire ba. Ta ce sai an miƙa sunayensu ga injin a ce ba ruwan shagon da su, kada a haɗa su.

Baba ya ɗauki wani kwarkwaro yana juya shi a tafin hannu.

"Babu ni babu su ke nan."

"Haka ne."

"Sau ɗaya na taɓa faɗin wannan maganar a rayuwata. Kina ƙarama."

Auta ta sunkuyar da kai. Ita jakar take tunawa da hannun Umma, ba ta san an kai nan ba. Tela ya koma bakin ƙofa ya tsaya yana kallon titi kamar wanda yake jiran wani. Can Baba ya jefa kwarkwaron cikin gwangwani.

"Rubuta. Waɗannan ai kin ce ba mutane ba ne."

Da ta zo kan na asali, su Tela da Mai Zare da makarantar ɗinki da mai kayan gyara, sai ta ce su ma a goge. Abin da ta karanta ya nuna maƙwabtan sana'a na gaske ba su ne laifin ba, amma ai su ma musaya ce, kuma ba ta san idon wanda zai duba ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake.

"Cire ni, Digiri, wallahi ba komai," in ji Tela. "Ni da ko shafin ban taɓa buɗewa ba. Ɗakin nan mai fanka ma har yau ba a ba ni makulli ba."

"Ba za a cire shi ba," in ji Baba.

"Baba, in aka ƙi mu saboda su fa?"

"Tela na san ƙofar gidansa, na san kekensa ciki da waje. Shi ma yaron nan ya san shi, a kafaɗa Tela ya sha ɗaukarsa. In ya shigo ya ga sunan Tela, ya ga Mai Zare, zai san bango kawai aka rushe, mu duk muna nan. Ki bar su."

Ta kalli Tela ko zai taya ta. Tela yana goge ido da bakin tef, wai zare ne ya shiga. Ta bar su.

Ta rubuta roƙon a kan bencin nan, tana gogewa tana sakewa. Ta faɗi gaskiya: shagon gyaran keke ne, mai shi dattijo ne, ya ɗauki saƙonnin na mutane ne ya amsa, an goge duk wanda ba a sani ba, waɗanda suka rage maƙwabta ne na zahiri. Baba ya ce ta ƙara da cewa akwai wanda yake nemansu. Ta ce ba a sa irin wannan. Ya ce ta sa. Ta sa a layin ƙarshe, ta aika. Nan take amsar na'ura ta dawo, cewa an karɓa, dubawa kan ɗauki kwanaki ko makonni, kuma ba a yi alkawarin komai ba.

Tun daga ranar Auta ba ta koma daidai ba. In wayarta ta yi motsi sai ta yi wuf ta duba, ta ga tallan kamfanin waya ne. Tana cikin cin abinci sai ta aje cokali ta shiga ɓangaren mai shafi, ta fito, ta sake shiga. Wani lokaci ta ce da ta goge su Tela da tuni an amsa, wani lokaci ta ce da ba ta tafi aikin nan ba da duk haka bai faru ba. Abin da take riƙe da shi shi ne lambar Baba tana ƙarƙashin hoton, kuma baƙon ya daɗe a wurin ba sau ɗaya ba, ƙila ya kwafa. Can kuma sai ta tuna ƙila ma ba shi ba ne, wani ne kawai mai sha'awar tsofaffin kekuna. Wannan ba ta faɗa a gida.

Umma ta fara kawo wa Baba abincin rana da kanta, abin da ba ta saba ba. Sai ta zauna a bencin ta ce ƙafarta take hutarwa, ta kalli Auta, Auta ta girgiza kai, ta ɗauki kwanonta ta tafi. Baba yana aikinsa. Har yanzu in aka zo neman abin da ba shi da shi yakan fito bakin ƙofa ya nuna shagon wani, amma ya rage rakiya, ba ya son yin nisa da inda Auta take zaune da wayar. Saƙonnin aminina suna nan suna shigowa. Yakan buɗe ya karanta har ƙarshe, ya riƙe yatsansa a sama jim kaɗan, ya kife wayar a tebur.

Har yau amsar roƙon ba ta zo ba. Shafin yana can baya inda aka sauke shi, baƙon kuma bai dawo ba.